Ɗan aji ɗaya kullum sai ya yi kuka a kan aikin gida, ni ce na gaza ko aikin ne ya yi yawa?

Uwar Biyu, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga malamai da iyayen da suka riga ni wuce wannan matakin, don wallahi abin ya fara hana ni barci.

Yarona na fari shekararsa shida da 'yan watanni, bana ya shiga aji ɗaya na firamare a wata makarantar kuɗi nan kusa da mu. Ranar da aka koma hutu antinsu ta ba kowa takarda shafi biyu, dokokin aji da abin da ake so iyaye su yi, a zo kafin bakwai da rabi, fensir biyu a feƙe, farar safa, a yanke farce, uwa ko uba ya sa hannu a littafin aikin gida kullum, sannan ba a yin Hausa a aji, wanda ya yi monita ya rubuta sunansa. Na karanta na sa hannu ban ga komai ba a lokacin.

To aikin gidan ne ya zame mana tashin hankali. Kullum darasi uku ko huɗu. Jiya kawai an ce ya rubuta 1 zuwa 200, ya kwafi jimla biyar na Turanci, ga tambayoyi a kan sassan kwamfuta. Yana dawowa wajen biyu, ya ci abinci ya watsa ruwa, uku da rabi ya wuce islamiyya sai shida, ana idar da magariba ya biya haddarsa, sai bayan isha muke zama, yawanci ba wuta da fitilar waya nake haska masa ga goyo a bayana. Lokacin ya riga ya gama gajiya, yana rubutu yana gyangyaɗi, in na yi magana sai hawaye, su ɗiga a littafin ya zo gogewa takardar ta huje. Gaskiya zan faɗa muku, sau da yawa hannunsa nake kamawa in rubuta, wani lokacin ma ni nake yi gaba ɗaya in ya yi barci don kar a dake shi da safe.

Satin da ya wuce aka yi ranar ziyarar iyaye, antin ta ce min littafinsa tsaf yake amma in ta ce ya karanta abin da ke ciki ba ya iyawa, wai mu iyaye ba ma ba da haɗin kai, ta ce a sa shi a lesin bayan an tashi. Na dawo gida raina a jagule na gaya wa Abbansu, ya ce shi nasa biyan kuɗin makaranta kuma ya biya, sauran tsakanina da su.

Tambayata, me ya kamata ɗan aji ɗaya ya iya tsakani da Allah? Kuma haɗin kan da ake ta cewa iyaye su bayar, mene ne shi takamaimai, tunda ni iya ƙoƙarina nake yi? In sa shi a lesin ɗin?

Malamar Aji Ɗaya, Bauchi

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki su. Shekarata goma sha huɗu ina riƙe da aji ɗaya da biyu a makarantar gwamnati, bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Na farko dai dan girman Allah ki daina yi masa aikin. Na san tausayi ne ya sa, amma mu malamai da littafin nan muke gane inda yaro ya tsaya. In ya kawo min aiki rabi, da b da d a juye, da 3 tana kallon baya, na san gobe inda zan kama masa. In ya kawo min shi tsaf ba kuskure ko ɗaya sai in ɗauka ya wuce wurin in ƙara gaba, shi kuma yana nan a baya yana kallona. Kin ga abin da antin ta gaya miki kenan, littafi ya iya, yaro bai iya ba. Ki sa masa lokaci, minti goma sha biyar ko ashirin in ya yi yawa, inda ya tsaya ki ja layi ki rubuta a ƙasa da hannunki cewa nan ya kai shi kaɗai, ki sa hannu. Malamar kirki za ta ji daɗin wannan layin fiye da shafi cike. In kuma aka dake shi saboda haka to wannan magana ce ta daban, sai ku je wajen shugaban makaranta ke da mahaifinsa.

Abin da nake nema a wajen yaro zuwa ƙarshen aji ɗaya ba shi da yawa amma nauyi ne da shi. Ya riƙe fensir daidai, ya rubuta sunansa, ya san sautin kowane baƙi da wasali, ya haɗa su ya fitar da gaɓa, ba be bi bo bu, daga nan ya haɗa gaɓa biyu ya karanta baba, kaka, gida, tuwo. A lissafi ya ƙirga abu na gaske ya san bakwai ta fi huɗu, ya tara ya ɗebe ƙananan lambobi. Rubuta 1 zuwa 200 ba lissafi ba ne, wahalar da hannu ce kawai, akwai yaran da za su rera miki har ɗari kamar waƙa amma ki zube musu murafen lemo tara ki ce su ba ki shida sai su tsaya suna kallonki. Sannan ya iya zama ya saurara na ɗan lokaci, ya jira layinsa, ya buɗe baki ya ce Malama zan zaga, ko Malama ban gane ba. Wannan na ƙarshen wallahi ya fi min komai, kuma yaron da ake rubuta sunansa in ya yi Hausa ba zai taɓa faɗa ba, shiru zai yi ya kwafi abin da ke allo.

Mu nan Bauchi da Sakkwato an taɓa kawo mana shirin Mu Karanta, aka horar da mu koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, kuma ni da kaina na ga bambanci. Dalilin a fili yake, rubutun boko na Hausa wasali biyar ne kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, yaro yana gane dabarar haɗa baƙi da wasali shikenan ƙofa ta buɗe, ga shi kalmar da ya karanta ya san ma'anarta tun a gida. Turanci kuwa harafi 26 ne amma sautukansa sun haura arba'in, harafi ɗaya ya ba ka sauti nan ya canza can, kuma yaron bai san me kalmar take nufi ba, wahala biyu a lokaci guda.

Haɗin kai kuma, ni abin da nake roƙon iyayen ajina shi ne yaro ya yi barci da wuri, likitoci suna cewa mai shekara shida yana bukatar awa tara zuwa goma sha biyu, ya karya kumallo ko koko da ƙosai ne, ya zo da fensir, kar a riƙa tsallake masa ranaku saboda biki ko aike. Akwai wata yarinya a ajina bara kullum kafin tara ta kifa kai a benci, na ɗauka rashin lafiya ne, ashe sai sha ɗaya na dare take kwanciya saboda tallan gyaɗa a bakin titi. Da na samu uwar muka zauna a zaure muka yi magana ta fahimta ta mayar da tallan hannun yayarta, cikin wata biyu yarinyar nan ta fara karanta gajerun jimloli. Ba wanda ya yi mata lesin.

Lesin ɗin nan ni ban ba ki shawara ba yanzu. Yaron da ya fita tun bakwai, ga islamiyya, in kin ƙara masa awa ɗaya a aji yaushe zai yi wasa?

Baban Uku, Kaduna

Malama Allah ya saka da alheri, na yarda da maganar kar a yi wa yaro aiki, amma maganar Hausa ɗin nan ina da ja. Mu fa da muke cire kuɗi daga bakinmu muna kai yara makarantar kuɗi saboda Turancin muke kaiwa, ba don wani abu ba. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ce, WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ne, in ba ka da kiredit a Turanci jami'a ba za ta kalle ka ba ko me ka ci. Ni a makarantar gwamnati na yi, har na shiga sakandare ban iya haɗa jimla biyu ba, na san irin kunyar da na sha a gaban yaran da suka zo daga wasu makarantu, ba na so 'ya'yana su sha irinta. Hausa ai suna jinta a gida da layi da kasuwa, awa shida ɗin da suke makaranta a bar su su ji Turanci.

Ita kuma antin a yi mata adalci, da yawansu albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma mai makaranta ne yake matsa musu su cika littafi da aiki saboda mu iyaye in muka buɗe jaka ba mu ga aikin gida ba sai mu ce makarantar ba ta koyarwa mu cire yaro. Laifin har da namu.

Sai dai Hajiya ki gaya wa maigidan ya daure ya leƙa makarantar ko sau ɗaya a zango. Ni ma da haka nake, sai da na je na gane yadda ake sauraron uba in ya zo da kansa.

Malamar Aji Ɗaya, Bauchi

Baban Uku ai ban ce kar a koyar da Turanci ba, ni ma ina koyar da shi kullum, da waƙa da hira da hotuna, kuma makarantu da yawa suna amfani da tsarin Jolly Phonics na koyar da sautin haruffa, mai farawa da s a t i p n, yana da kyau in malami ya iya shi. Abin da na ce yaro ya fara gane yadda karatu yake aiki da harshen da yake tunani da shi, in ya iya sau ɗaya ba sai ya sake koyo daga farko ba, ɗauka zai yi ya kai Turancin. Kuma kai da kanka ka tuna, a firamaren da ka yi Hausar ma an koya maka karanta ta sosai, ko dai duka biyun ne ba a samu ba? Yawancin yaran da nake gani sun kai aji huɗu ba Turanci to Hausar ma ba sa iya karantawa.

Tsohon Hedimasta, Zariya

Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna min wannan zance ta ce in sa baki, ita take buga min.

'Yata, ni na fara koyarwa zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da takardar Grade II, na yi ritaya ina hedimasta. Abin da Malama ta gaya miki ba sabon abu ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake a farkon firamare, Turanci ya zama darasi, daga baya a juya. An yi ta kai da kawo a kan maganar a gwamnatance, amma ke ba sai kin jira kowa ba. Ki dubi makarantar allo da muka gada. Yaro yana farawa da babbaƙu, sai ya san su sarai a kai shi farfaru, sannan ya fara haɗawa, kuma malam ba ya barinsa ya wanke allo sai ya biya a gabansa ya ji da kunnensa. Ba a taɓa cewa uwa ta biya wa ɗanta allo ba. To me ya sa a boko za a ba yaro jimla biyar ya kwafa alhali bai san baƙaƙen da ke ciki ba? Zane yake yi, ba rubutu ba.

Maganata ta fi karkata ga mahaifin yaron, ki karanta masa wannan in zai saurara, da ladabi. Ɗana, biyan kuɗi wajibi ne kuma Allah ya ƙara buɗi, amma ko dokar ƙasa ba a kan kuɗi ta tsaya ba. Dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya halarci makaranta kuma ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, har da hukunci ga wanda ya ƙi, gargaɗi a karon farko, sannan tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Ba don tsoratarwa na kawo ba, don ka ga cewa da uba ake magana. A shekarun da na yi, in na kira taron PTA mata ne suke cika benci, wasu ma yayyen yara ake turowa, a yanke magana su ce sai sun je sun tambayi maigida, taro ya watse ba a ƙulla komai ba. Da aka kawo tsarin SBMC, kwamitin da ake sa mai unguwa da liman da wakilan mata da tsofaffin ɗalibai da malamai su kula da makarantar gwamnati, na ga abin da zuwan maza yake yi. Akwai shekarar da iska ta yaye mana rufin aji biyu, 'yan aji ɗaya suka koma gindin darbejiya, muka rubuta wa ƙaramar hukuma muna jira, wani kafinta cikin iyaye da ya zo taro ya gani da idonsa ya ce a sayo kwano shi zai buga kyauta, bayan sallar Juma'a liman ya yi sanarwa aka haɗa kuɗin. A sati biyu yara suka koma aji.

Taku makarantar kuɗi ce, hakkinku ya ma fi ƙarfi. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ku tambaya su nawa ne a ajin. Ku tambaya ko malamar tana da NCE, don ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Ku nemi ta nuna muku abin da take so yaro ya iya a wannan zangon, a rubuce. Amma kada ku je da faɗa, kuma kada ku taɓa zagin malamar a gaban yaron ko da ita ce ba ta da gaskiya, in ya raina ta ya daina ɗaukar komai daga bakinta. Ku nemi lokacin da ba kowa, ba ranar da iyaye suka cika ba.

Ke kuma 'yata, tatsuniya da kike ganin ba komai ba ce, ki riƙa yi masa, in kin gama ki ce ya maimaita miki, me Gizo ya fara yi, sai me ya biyo baya, me ya sa Ƙoƙi ta yi fushi. Abin da za a tambaye shi kenan a aji huɗu da sunan fahimtar karatu.

Maman Ɗiya Huɗu, Maraɗi

Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan haka muke fama, sai dai namu Faransanci ne. Ɗiyana da ya shiga CI, ajin farko kenan, wata uku shina maimaita abin da mushe, wato malaminsu, ya ce bai san ma'anar ko ɗaya ba, ni kuma ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, balle in duba mishi kaye, littafin rubutunshi. Abin da na iya shi na yi, in ya dawo in aje aiki in ce zo ka koya mini abin da aka koya maku yau, ya ɗauko ɗan allonshi da alli ya zama shi ne mushe ni ce ɗaliba, in ya kasa bayani na san bai gane ba sai in tura shi wajen ɗiyar maƙwabta da ke CM2, ajin ƙarshe na firamare. Kuma na shiga ƙungiyar iyaye mata ta lakwal, AME, mu ne muke bi gida gida in yaro ya kwana biyu bai zo ba. 'Yar uwa ke da kika iya karatu ai kin fi ni dama nesa ba kusa ba, ki kwantar da hankalinki.

Uwar Biyu, Kano

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yi shiru kwana biyu ne don ina so in gwada tukunna.

Na karanta wa Abbansu maganar Baba bayan ya ci abinci, bai ce komai ba, amma ranar Alhamis da safe sai ga shi ya ce in shirya mu je tare kafin ya wuce kasuwa. Muka samu antin ita kaɗai yara suna asambuli. Na gaya mata gaskiya cewa rabin abin da ke littafin nan ni na rubuta, ta yi shiru ta ce ai ta yi zargin haka, kuma ba ni kaɗai ba ce. Su 47 ne a ajin, ita ɗaya. Ta ce yawan aikin ba daga ita ba ne, umarni ne daga sama, amma ta yarda in ja layi inda ya tsaya kuma ba za ta taɓa shi ba. Maganar rubuta sunan masu Hausa ta ce sai dai a kai taron PTA, Abbansu ya ce zai je ya tayar da ita, ya kuma karɓi lambar wasu iyaye maza biyu a bakin get. Lesin mun ce a dakata zuwa ƙarshen zango.

Na mayar da aikin gidan da rana, yana gama cin abinci kafin islamiyya, minti ashirin. Daren jiya na yanka kwalin taliya na rubuta ba, ka, ma, ta, gi, da a jiki, muka baje a tabarma. Ya ɗauki gi ya ɗauki da ya jera, ya faɗa a rarrabe sau uku, gi, da, gi, da, sai ya ɗago kai ya kalle ni ya ce Umma gida ne! Ya tashi da gudu ya kai wa Abbansa a tsakar gida.

Har yanzu b da d suna rikice masa, kuma jimlolin Turancin biyu kawai yake kaiwa cikin biyar. Malama dan Allah in akwai dabarar da kike raba musu b da d ki taimaka min da ita, sannan ƙa da ɗa da ɓa a wane lokaci kike shigo da su, tun yanzu ko sai ya gama da sauran?